Ɓarawon da Ya Yi Alwala

Tikitin zuwa da dawowa. Taswira ɗaya a ninke. Goro na gaisuwa. Kwalin ashana, a cikinsa guntuwar alewa da tururuwa suka rage, naɗe a takardarta. Abin da na ɗauka ke nan. Ban ɗauki kayan sawa ba, don ban yi niyyar kwana a Maiduguri ba.

Jirgin ya tashi daga Kano rana na ɗagowa. Ta taga na ga ganuwa, na ga Dala da Goron Dutse sun koma kamar tsibin gyaɗa biyu, daga nan sai gonaki. A ƙasa, can cikin Jakara, akwai mutum a kulle a ɗakin mai unguwa. Sunansa Sabo, ɗan dako ne. An ce in Juma'a ta zagayo bai fito da abin da ya sata ba, za a miƙa shi ga 'yan sanda. Ranar Laraba ce. Ni kuma na san bai saci kome ba.

Sunana Ɗahiru. Mahaifina mai bin sawu ne, a zamanin En'e shi ake kira in an kore shanu ko an fasa rumbu. Ni gwamnati ta tura ni Indiya na koyo awon ƙasa. Na dawo a shekarar da soja suka miƙa mulki, na tarar ya rasu, mutane kuma ba su daina zuwa ƙofarmu ba. Ba su san aikin safiyo ba. Sun dai san ɗan wanda nake.

Ranar Asabar da ta wuce Alhaji Baffa ya aiko a kira ni. Shi ne babba a gidan marigayi Malam Mikail, ƙaninsa ne, kuma aminin mahaifina.

Abin da ya ɓata Alƙur'ani ne, rubutun hannun kakansu, a cikin gafaka ta jar fata, rataye a soron marigayin. Duk Jakara an san shi, don a kansa ake rantsuwa in gardama ta ƙi ƙarewa. Ana cewa wanda ya dafa shi a kan ƙarya ba ya ganin wata damina. Da safen Juma'a yana nan. Da maza suka dawo daga masallaci, sai ƙusa.

"Ɗan Indiya," in ji Baffa, "an ce ka gaji ubanka."

"Haka ake cewa, Baba."

"To ɓarawo yana hannu. Inda ya kai kayan nake so ka gano mini."

"Wa ya gan shi da kayan?"

"Kowa ya tafi Juma'a ban da shi. Wai ƙurji a ƙafa. Yana kwance a zaure, taku kaɗan tsakaninsa da soron. Kana son tsuntsu ya zo ya ba da shaida?"

Soron ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta zaure, ɗaya ƙarama da ke fita lungu. Ba a fasa ko ɗaya ba. A bayansa akwai ɗan fili da dutsen da marigayin yake zama ya yi alwala. Tun rasuwarsa ba wanda ya zauna a kai. Amma ƙasar gaban dutsen ta jiƙe ta sake bushewa, ta riƙe sawun ƙafar dama ba takalmi. Siririyar ƙafa ce, 'yan yatsun a matse, ƙafar wanda ya girma cikin rufaffen takalmi. Butar tagullar marigayin tana cikin alkukinta a bango, sai dai bakinta ya juya ciki, kuma da sauran ruwa.

Sai na ga tururuwa. Sun yi layi daga ƙasa, sun hau bango, sun shiga alkukin ta bayan butar. Na bi su. Alewa ce da aka tsotse rabi, aka mayar cikin takardarta aka ajiye. Takardar fara ce da zanen fiffike shuɗi.

Na kife ƙwarya a kan sawun, na ce kada a taɓa.

"Me ka gani?" in ji Baffa.

"Ɓarawonku ya yi alwala."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Ya zo da alewa a baki. Ya cire ta don ya kurkure baki, ya ajiye da niyyar ɗauka, ya manta. Ba ya iya taɓa Alƙur'anin nan ba tsarki, ko da sata ya zo. Kuma ya san inda butar Malam take."

"Sabo ma yana salla."

"Ƙafar ba tasa ba ce."

"Ƙafa ƙafa ce," in ji Baffa, ya juya.

Na je wajen Sabo a gidan mai unguwa. Samarin unguwa sun riga ni. Idonsa ɗaya a rufe, leɓensa a fashe. Tafin ƙafarsa kuwa kamar faifai, faso ya tsattsaga diddigen, ta hagun a ɗaure da tsumma.

"Ka ji motsi ranar?"

"Na ji zubar ruwa, Malam. Na zaci matan gida ne."

"Ba ka leƙa ba?"

"Tun ina saurayi nake kwana a zauren Malam. Ban taɓa leƙa inda ba a kira ni ba. Shi ya sa aka bar ni a ciki." Ya gyara tsumman ƙafarsa. "A ƙofar masallaci suka kira ni ɓarawo, a gaban mutanen da nake ɗaukar wa kaya. Ko an sake ni, wa zai sake ɗora mini dilarsa a ka?"

Ban ba shi haƙuri ba. Haƙuri ba ya buɗe kwaɗo.

Wanda na fara zargi Ɗanjuma ne, dillalin tsofaffin kaya, mai sayar wa Turawa takubba da tasoshin tagulla. An ce ya taɓa taya Alƙur'anin. Na same shi a rumfarsa a kasuwar Kurmi yana goge wata fitila da toka don ta ƙara tsufa.

"Ni? Wancan?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Malam Ɗahiru, ina da 'ya'ya ƙanana, ina so in ga damina. Na taya, Malam Mikail ya zage ni, na yi godiya na fito."

"Ina kake ranar Juma'a?"

"Kusa da mai unguwar Jakara, har ya taka mini babbar riga. Tambaye shi."

Na buɗe kwalin ashanar. Na riga na zaga masu tebur na Kurmi, ba wanda ya san alewar. Ɗanjuma ya kalle ta sau ɗaya.

"Wannan ai ba a sayar da ita. Ina kai kaya filin jirgi, takardun nan a ƙasa nake ganin su. Masu saukowa daga jirgin cikin gida ke zubarwa."

Mutum ɗaya na sani a gidan da ke hawa jirgi, Baffa, mai zuwa Ikko saro kaya. Ƙafarsa ma siririya ce. Na ɓata sauran yinin a kansa. Ciwon sukari gare shi, ko shayinsa ba a sa masa, kuma rabin Jakara sun gan shi a masallaci tun kafin huɗuba.

A cikin gida na gaida 'Yardada, yayar marigayin, tsohuwa wadda ido ya tafi amma baki yana nan. Sa'adiyya, 'yar marigayin, tana gefenta tana tsince mata shinkafa.

"Mijin nawa ne ya dawo daga ƙasar masu bautar saniya? Me ka kawo mini?"

"Tambaya, Kaka."

"Matsiyaci. Yi."

"Wa za a rantsar a kan Alƙur'anin nan kwanan nan?"

Sa'adiyya ta ajiye faifan. "Yaya Zaharaddeen. Baba ya ba ni rumfarsa ta Kurmi kyauta kafin ya rasu, daga ni sai Yaya a ɗakin. Yanzu ya ce bai ji ba. Dattawa suka ce in ya dawo daga Borno ya dafa ya rantse."

"Yaushe ya tafi?"

"Tun Laraba, a motar 'yan jam'iyyarsu. Duk unguwa ta ga tafiyarsu, da tuta da hon."

"Kada ka ɓata takalminka a kansa," in ji 'Yardada. "Borno fa. Ubana da jakuna wata guda yake yi kafin ya ga Yerwa, Maidugurin taku. Yanzu da mota ma sai ka yi asuba a nan ka yi isha a can, in taya bai fashe ba. Sai dai in aljani ne."

Zaharaddeen ya dawo ranar Lahadi a motar da ya tafi, da tsarabar turaren wuta da hulunan Borno. Sa'ana ne, tare muka yi firamare. Yanzu yana neman a ba shi kujera a sabuwar gwamnati, yana ta koyon tafiyar manya. Takalminsa rufaffe ne, da safa. Na same shi a zaure tare da Baffa da mai unguwa.

"Injiniya! An ce kana bin tururuwa. Abin da aka koya muku ke nan a Indiya?"

"Da sauransu."

"Ku daina wahala. Yanzu mulkin doka ne, a kai Sabo caji ofis, can sun san yadda ake tambaya." Ya juya ga Baffa. "Maganar rantsuwa kuma, a kawo Alƙur'ani bugun Misra. Yanzu ma sai in dafa."

Na lura da saurin da ya faɗi haka.

A gida na shimfiɗa taswira. Mutanen Jakara suna auna Borno da taya. Hanyar mota ta Potiskum da Damaturu ta kusa kilomita ɗari shida, yini guda cur. A miƙe kuwa ɗari biyar ne, kuma sama ba ta da rami ba ta da shingen 'yan sanda. Na je filin jirgi na tambaya. Jirgi biyu ne a rana. Na safe yana zuwa Maiduguri ya juyo nan take, ya sauka Kano da hantsi. Na biyu yana barin Kano bayan azahar, ya juyo da yamma. Kowane zuwa, awa ɗaya da 'yan mintoci.

Ranar Laraba na yi asuba a masallacin Jakara, kafaɗa da kafaɗa da Baffa, da gangan. Daga nan na wuce filin jirgi.

Mutumin da ke kusa da ni a jirgin bai saki carbinsa ba tun tashinmu. Ma'aikaciya ta zo da faranti, ta ce a tsotsa don kunne. Ya kai hannu ya ɗebi cikin tafi ya zuba a aljihu, ya ce tsarabar yara. Na ɗauki biyu. Farar takarda, shuɗin fiffike. Ban gama ta farko ba aka ce mu ɗaura ɗamara, za mu sauka.

Mai masaukin 'yan jam'iyyar, Alhaji Bukar, ya karɓi goro ya zaunar da ni a kan darduma.

"Zaharaddeen? Yaron kirki. Ranar Juma'a tare muka karya. Ya ce kansa na sara, shi kuma matafiyi ne, Juma'a ba ta hau kansa ba, zai kwanta. Magariba kuwa a bayana ya yi ta."

"Tsakanin nan wa ya gan shi?"

"Wa ke buɗe wa baƙo ɗaki yana barci?"

Mutumin da ya yi alwala kafin ya saci Alƙur'ani ba zai jefa shi rijiya ba, ba kuma zai kai shi kasuwa ba. Zai nemi inda za a girmama shi.

"Ya ziyarci wani malami?"

"Da safen Asabar ya ce a kai shi wajen Goni Modu, neman addu'a. Da jaka ya shiga."

Goni Modu tsoho ne mai rubuta Alƙur'ani da ka, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada. Ban tambaye shi kome ba da farko. Gafakar tana can a saman kanta, ja, da sabon maratayi.

"Ajiyar wani Bakano ce," ya ce da Hausarsa ta Barebari. "Ya ce maratayin ya tsufa a sake, kuma ya zauna a nan sai ya aiko. Rubutun mutumin kirki ne. Ban ga kure ba har yanzu."

Na gaya masa labarin Sabo. Ya ajiye alƙalaminsa.

"Ba zan ba ka ba. Amana ce, hannun da ya kawo shi zai karɓa. Amma tsohon maratayin ba a ce in ajiye ba."

Ya miƙo mini. Fatar ta yi baƙi don tsufa, a tsakiya an taɓa ɗinke ta da jan zare.

Na hau jirgin yamma. Ana kiran magariba ina shiga Jakara.

Bayan salla na ce a taru a soron marigayin. Baffa, Zaharaddeen, Sa'adiyya riƙe da hannun 'Yardada, da mai unguwa. Na sa aka kawo Sabo. Ya tsuguna a bakin ƙofa, bai yarda ya hau tabarma ba.

"Ina ka shiga yau?" in ji Baffa. "Na aika sau biyu."

"Maiduguri."

Mai unguwa ya yi dariya. "Wace Maidugurin? Akwai wata a bayan Fagge?"

"Yaro, tare muka yi asuba," in ji Baffa.

"Tare kuma muka yi magariba, Baba. Azahar a Yerwa na yi ta. Alhaji Bukar yana gaishe ka, Zaharaddeen. Ya ce yaya kan naka."

Zaharaddeen ya gyara hula. "Ka hau jirgi, sai me? Mu ma mu tafa maka?"

Na buɗe kwalin ashanar na ajiye a tabarma. Na fito da alewar da na rage daga jirgi na ajiye kusa da ita. Mai unguwa ya sunkuya ya duba takardun biyu, ya daina dariya.

"Wannan a bayan butar Malam na same ta. Wannan yau aka ba ni a sama. Wanda ya karya a Maiduguri ranar Juma'a yana iya sauka Kano da hantsi, ya jira maza su tafi masallaci, ya shigo ta lungu da makullin gidansu, ya koma a jirgin bayan azahar, ya yi magariba a can."

"Mutum nawa ke hawa jirgi a ƙasar nan?" in ji Zaharaddeen. "Baffa ma yana hawa."

"Gaskiya ne. Ga ƙwarya can a kife. Cire safarka ka tsaya kusa da ita."

Bai motsa ba.

Na sa tsohon maratayin a hannun 'Yardada. Ta bi shi da yatsu, ta tsaya a tsakiya.

"Wannan ɗinkina ne. Shekarar da ɓera ya ci shi na ɗinke, ina gani a lokacin. Ina ka samo, ɗan nema?"

"A ɗakin Goni Modu, a Yerwa. Alƙur'anin yana can lafiya. Ya ce hannun da ya kawo shi zai karɓa."

Sa'adiyya ta kalli yayanta, shi kuma yana kallon tabarma.

"Ban sayar ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban sa shi a ƙasa ba ko sau ɗaya. A cinyata ya tafi. In an gama maganar rumfar zan dawo da shi."

"Bugun Misran da ka ce a kawo fa," in ji mai unguwa, "maganar wa ce a ciki?"

Zaharaddeen ya kau da kai.

"Ka girmama takarda," na ce. "Ga wanda ka sa a ƙasa can."

Kowa ya juya ga Sabo. Shi bai ɗago ba.

Baffa ya tashi ya tura ƙofar zaure. Da ya yi magana, muryar mai ciniki ce.

"Alhamdu lillahi, abu ya fito. Rumfa ta Sa'adiyya ce, an gama. Wannan shashashan gobe zai koma ya ɗauko da hannunsa. Sabo, ka yi haƙuri, ka koma zaurenka, zan ɗinka maka riga. Mutane kuma za a ce musu an gan shi a bayan adaka, tsohuwa ce ta ajiye ta manta."

"Ni?" in ji 'Yardada. "Makauniya ce zan hau ƙusa? Nemi wata."

"To a ce wani abu. Gidan Malam Mikail ne wannan. Yaron nan sunansa yana gaban manya, ana gab da ba shi kujera. Asirin gida a gida yake kwana."

"In an ce an gan shi a bayan adaka," na ce, "Kurmi za ta ce Sabo ne ya ji duka ya dawo da shi a ɓoye."

"Za a manta."

"Sabo, za a manta?"

Sabo ya taɓa leɓensa. "Har yau ana kiran wani ɓarawon akuya a garinmu, Malam. Kakansa ne aka zarga."

Baffa ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Ɗahiru, da ubanka ya rasa wanda zai tsaya maka ka tafi karatu, ni na tsaya. Ban taɓa tuna maka ba."

"Na sani, Baba. Ban manta ba."

"To?"

"Ka kira ni in bi sawu. Na bi. Ba ni na zaɓi inda ya tsaya ba."

Na kama hannun Sabo na tayar da shi. Yana ɗingishi, sai da ya jingina da ni muka ratsa zauren. Ya tsaya ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki gammonsa. Ba wanda ya biyo mu sai Baffa, shi ma a bakin ƙofa ya tsaya.

"Zauren gidanmu a Goron Dutse ba kowa a ciki," na ce wa Sabo. "Yau can za ka kwana."

Sannan na juya ga Baffa.

"A ƙofar masallaci aka kira shi ɓarawo. Gobe bayan asuba, a wannan ƙofar, Zaharaddeen zai faɗa da bakinsa. In bai zo ba, ni zan faɗa, da sunansa da sunan ubansa."

Na jawo ƙyauren na rufe.